Na Bi Buhun Albasa Har Bakin Teku: Kasuwanni da Wuraren Tarihi na Birnin Ankara



Da aka ce kowane ɗan ajin ƙarshe ya kawo rubutu don littafin bana, abokaina suka ce mini: "Kai ai naka a shirye yake, tunda ka dawo ba ka bar kunnuwanmu sun huta da labarin Gana ba." Gaskiyarsu ce. A babban hutun da ya wuce kawuna, wanda ya daɗe yana kai albasa Gana, ya tafi da ni Ankara na yi sati uku. Abin da ya sa na yarda in rubuta shi ne, a ajinmu kaɗai na san mutum huɗu da suke cewa da sun gama za su sauka kurmi bida. Duk abin da suka sani game da birnin daga bakin masu dawowa da sabbin takalma da babbar salula suka ji shi. To ni ma ga nawa, na wanda ya je kallo kawai, ba kaya ya ɗauka ba.

Da farko sai in gyara wani ruɗani. Ankarar da nake nufi ba ta Turkiyya ba ce. Babban birnin Gana ne, wanda a taswirar lakwal ake rubutawa Accra, amma iyayenmu da kakanninmu Ankara suke ce mata tun zamanin fatauci. Ana cewa asalin sunan daga kalmar "nkran" ne ta harshen Akan, wato tururuwa. Masu garin na asali kuwa ƙabilar Ga ce, masunta ne na bakin teku. Turawan Ingila ne suka maida ita hedikwata a 1877, da suka taso daga Kep Kos.

Labarin hanya ba zan taɓa shi ba, don shi kaɗai ya isa littafi. Da dare muka ratsa Lome muka ƙetare iyaka a Aflawo. Ina jin wani ƙugi ta hannun hagu kamar hadari na tasowa, Kawu ya ce teku ke nan, amma duhu bai bar ni na ga kome ba.

Nima: inda baƙo ba ya jin baƙunta

A unguwar Nima muka sauka, kuma nan ne na fara ruɗewa. Na shirya wa kaina cewa zan shiga ƙasar da ba a jin maganata, sai ga shi da asuba mai koko tana ce mini: "Sannu da zuwa, ɗana, na nawa za a zuba?" Nima zango ce, kuma ba ita kaɗai ba. Akwai Mamobi a maƙwabtanta, akwai Fadama, Madina, Tudu, da Sabon Zango wanda Malam Baƙo ya kafa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ku dubi sunayen kawai, kun san bakin da ya raɗa su. Amma kada ku ɗauka duk mazauna zango Hausawa ne. Akwai Dagomba, Mosi, Kotokoli, Zabarmawa, Wangara, Fulani, Yarbawa, kowa da harshen gidansu, Hausa ce kawai tabarmar da suke haɗuwa a kai. Hausarsu kuma ta sha ruwan garin. Ba su damu da bambanta mace da namiji a magana ba, sai ka ji an ce "Hajiya ya tafi kasuwa". Ranar farko na yi dariya, Kawu ya harare ni ya ce: "Kai da kake cewa wanga da hwa, in ka je Kano kai ma dariya za a yi maka." Na kama bakina.

Abinci ma haka. Abin da duk Gana ke layi a kansa da safe shi ne wace, wanda suke rubutawa waakye, kuma ba kome ba ne illa shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har suka yi ja. Sai a zuba taliya da gari da dafaffen ƙwai da ganda, a ɗora wani baƙin yaji mai mai da ake ce wa shito, a naɗe maka a cikin ganye. Akwai koko da ƙosai, akwai tuwon zafi, akwai tsire da suke kira cicinga. Ranar Laraba ce babbar ranar kasuwar Nima. Hatsi da wake da kayan yaji da kaji da zabi sukan cika har bakin kwalta, mota ba ta wucewa sai da rarrafe.

Abu biyu su kiyaye ga duk wanda zai je. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya. Kuma da yake garin na kusa da tsakiyar duniya, dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara, magariba ba ta nisa da ƙarfe shida, kuma da rana ta faɗi duhu ba ya jira. Alƙibla tana ɗan karkata arewa fiye da yadda muka saba, teku kuma kullum yana kudu. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin taswirar garin.

Daga Nima da ƙafa ake zuwa Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda. Can muka yi Juma'a. An buɗe shi a watan Yulin 2021, yana da hasumiya huɗu da ƙubbobi bisa ƙubbobi, an yi shi bisa fasalin masallatan Istanbul, kuma Turkawa ne suka ɗauki nauyin ginin. Sai na ce a raina, ashe dai Ankarar can ta zo ta iske Ankarar nan. An ce yana ɗaukar mutum 15,000. Babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, mutum ne da Musulmi da Kirista duka suke girmamawa a Gana.

Motar da ake shiga a zaga gari sunanta tworo-tworo, ƙaramar bas ce irin hayis. Karen motar ana ce masa met, yana rataye a ƙofa yana kiran wurin da za su. Ba a rubuta wurin zuwa a gaban motar, da kunne da ido ake ganewa. Idan ya nuna yatsa ƙasa yana juya shi kamar mai dama fura, to Sakul za su, wato babbar mahaɗar hanyoyi mai sunan Kwame Nkrumah, inda gadoji suke hawa kan juna kuma ake cinikin salula sabuwa da tsohuwa. Kawu ya ce a nan in sa hannu ɗaya a aljihu kullum. Ya kuma nuna mini inda ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a daren 3 ga Yunin 2015, mutane sun fake wa ruwan sama wuta ta iske su, fiye da 150 suka rasu.

Inda albasarmu take sauka

Kowa a nan ya san albasar Galmi tun daga iri har zuwa rudu. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke faruwa bayan kamiyo ya ɓace mana da gani. Da can a Agbogbuloshi ake sauke ta, cikin tsakiyar gari. A Yulin 2021 hukuma ta tashi ƴan albasa daga can ta maida su Ajen Kotoku, bayan gari, kan hanyar da ta nufi Kumasi. Kafin ka kai sai ka yi tafiya mai nisa cikin cunkoso, amma tun ba ka sauka ba hancinka zai gaya maka ka iso gida. Hausa da Zabarmanci ke tashi ko'ina, har da masu shayi irin namu.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai kaya ba ya sayarwa da kansa. Yana da maigida ko dillali a kasuwar, shi ke karɓar kaya, shi ya san matan da za a ba bashi da waɗanda ba za a ba ba. Samari su sauke buhuna a ka da kafaɗa, a zube a tsince ruɓaɓɓu, don iskar teku mai laima ce, albasa kuwa ba ta shiri da laima. Duk kwanan da buhu ya ƙara a ƙasa, nauyi na raguwa, kuɗi na zuba. Sannan matan Gana su zo su ɗauki buhu ɗaya ko biyu, sau da yawa ba da kuɗi hannu ba, sai sun sayar su kawo. Idan motoci da yawa suka iso rana ɗaya, farashi ya faɗi warwas, kuma ba mai iya maida albasa gida. Ga kuɗin mota, ga na duwan, ga abin da ake bari a shingayen hanya, ga canjin kuɗi daga sidi zuwa sefa wanda yau ya ba ka gobe ya ƙwace. Na ga Kawu da dare yana lissafi a bayan kwalin sukari, ya daɗe bai ce uffan ba. Mu a gida muna ganin duk wanda ya kai kaya Gana ya gama arziki. Wani zuwan uwar kuɗin ma da ƙyar take komawa.

Na ce ina so in ga ƙarshen buhun, inda ake kasa albasar ɗaya-ɗaya. Shi ne aka haɗa ni da ɗan maigidanmu, wanda aka haifa a Nima, ya kai ni Makola.

Makola

Wanda ya san kasuwar Laraba ta Ƙonni ya san kasuwa, amma Makola wani abu ce daban. Ba ta da ƙofar da za ka ce nan ta fara. Kana tafiya a titi sai ka ga titin ya zama kasuwa, benaye sun zama kantuna har sama, ƙasa kuma lema ce ke gogar lema. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu kasuwar mata ne. Manyan mata da faffaɗan malafa, zaune a kan kujeru, jakar kuɗi ɗaure a ƙugu, maza na yi musu dako. Kowane irin kaya yana da sarauniyarsa, ta tumatir daban, ta doya daban, ita ke sasanta rigima, ita ke faɗin wanda zai sauke kaya. Baƙo ba ya zuwa haka kawai ya shimfiɗa buhu.

An gina Makola a 1924. A watan Agustan 1979, lokacin mulkin soja na farko na Jerry Rawlings, sojoji suka rushe ta da nakiya, bisa zargin cewa matan kasuwa ke ɓoye kaya suna sa tsada. Filin da tsohuwar kasuwar take yanzu wurin ajiye motoci ne, kuma da sunan Rawlings ɗin ake kiransa. Tsada ba ta tafi ba don an rushe rumfuna, matan kuwa suka bazu a titunan kewaye, shi ya sa yau kasuwar ba ta da baki.

Ciniki a can yana da ladabinsa. Sai ka gaida mace kafin ka taɓa kayanta. Kada ka miƙa kuɗi ko ka nuna abu da hannun hagu, sun fi mu tsanani a kan wannan. Kada ka ɗaga salula ka ɗauki hoton mutum ba ka tambaya ba, na ga wani Bature ya sha faɗa a kan haka. Kalmomi uku na harshen Tuwi suka yi mini amfani: "te so" wato rage mini, "to so" wato yi mini gyara, da "medase" wato na gode. Ku lura da kusancin na farko da na biyu, wasali ɗaya ne ya raba ragi da ƙari. Abin awonsu wani gwangwani ne da ake ce wa olonka, shi ne tiyarsu.

Sai maganar kuɗi. Sidi ɗaya pesuwa ɗari ne. Amma a 2007 an canza kuɗin ƙasar aka cire sifili huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, kuma har yau wasu tsofaffi da tsohon lissafi suke magana. Wata ta ce mini dubu hamsin a kan kashin lemu, na ja da baya, ashe sidi biyar take nufi. Ban ga laifinta ba, mu ma ai in muka ce dala ashirin baƙo ba zai san faran ɗari muke nufi ba.

A ɓangaren abinci akwai abin da ido bai saba ba: dodon koɗi manya kamar dunƙulen hannu suna rarrafe a faranti, ƙaguwa a ɗaure, kifi mai gishiri mai warin da ke bin mutum har gida. Akwai kuma wasu manyan robobi cike da ƙafafun dabba jajaye cikin ruwan gishiri. Na tsaya ina kallo, abokin tafiyata ya ja ni ya ce ƙafar alade ce. Don haka wanda zai ci abinci wajen zango ya tambaya tukuna. Can ciki na iske albasarmu, an kasa ta huɗu-huɗu a kan tire, jar nan mai ruwan shuni da ba ta ɓoyuwa. Na ce wa mai ita daga garinmu take. Ba ta ji abin da na ce ba, ta yi murmushi ta ce in saya.

A nan ne na ɓata. Na tsaya kallon wani mai tallan magani da lasifika, na waiwaya ban ga abokina ba. Salulata ba ta da layin Gana. Na bi layin da nake zaton mun fito, sai ga ni cikin ƴan atamfa, na koma sai ga ni cikin ƴan tukwane. Kwana goma a Nima sun sa na ɗauka duk Ankara na jin Hausa, a ranar na gane iyakar zango. Na yi wa mace uku magana, ba wadda ta gane, Faransancin lakwal kuma bai da kasuwa a can. Ta huɗun ce ta ga idona ya kawo ruwa, ta zaunar da ni a kan benci, ta ba ni ruwan leda, ta ƙwala wa wata yarinya mai ɗauke da babban kwano kira. Yarinyar ba za ta wuce shekarun ƙanwata ba. Da ƴar gurguwar Hausarta ta tambaye ni inda na sauka, ta sa ni gaba har tashar Tudu, ta gaya wa met inda zai ajiye ni. Na ba ta kuɗi, ta karɓi rabi ta maido mini rabi, ta juya da sauri don an bar ta a baya wajen neman kaya.

Irin waɗannan ƴan mata ana ce musu kayaye. An ce rabin kalmar namu ne, wato kaya, rabin kuma na Ga ne mai nufin mata. Mafi yawansu daga arewacin Gana suke zuwa, ƙasar da ta yi kama da tamu, su yi dako a ka don su tara kuɗin kayan ɗaki ko na makaranta. Layukan kasuwar sun yi ƙunci ga mota da kura, don haka kusan duk abin da aka saya a Makola sai ya hau kan wata. Na ga mai goyo da buhun shinkafa a ka. Da yawa a barandar kantuna suke kwana in an rufe. Tun daga ranar, in na ga kaya mai kyau a kasuwa sai in tuna wuyan da ya ɗauko shi.

Kusa da Makola, gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, akwai Kantamanto, uwar kasuwannin gwanjo, abin da muke ce wa bosho. Su suna kiran kayan "oboroni wawu", wato Bature ya mutu, don mutanen da suna ganin ba mai rabuwa da tufafi masu kyau haka sai gawa. Diloli ke zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Tema daga Ingila da Amurka da Sin da sauransu. Ɗan kasuwa yana sayen dila a ɗaure bai san abin da ke ciki ba, sai an yanke ƙarfen ya ga rabonsa. Masu bincike sun ƙiyasta tufa miliyan 15 ke shigowa duk sati, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari ba sa sayuwa, shara suke zama. Akwai teloli da masu guga da masu rini a ciki, suna maida tsohon wando sabo a gabanka. Gobara ta cinye mafi yawan kasuwar a farkon Janairun 2025, lokacin da na je katakon rumfunan duk sababbi ne. A can na sayi rigar sanyin da kuka gan ni da ita.

Ƴan ƙasarmu kuwa suna ko'ina a wannan yanki: masu canji a Tudu, masu shadda, masu yawo da tabarau da agogo a allo, masu yankan farce, masu gyaran takalmi. Mutanen gari duk "aboki" suke ce musu, wani da wasa, wani da raini. Na zauna da wasu samari na wajenmu, su takwas a ɗaki ɗaya, wanka ma sai an biya, ban ɗaki sai an biya. Ɗayansu ya ce mini hoton da yake turawa gida a gaban motar wani yake ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara da mata masu bara a wajen fitilun hanya, in ka matsa kusa ka ji harshen gida. A 2022, da kuma 2025, hukumomin Gana sun kwashe mabarata daga tituna aka maida su ƙasashensu, akasarinsu namu ne. Kawu ya ce wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa, don mahaifinsu, kakana ke nan, yana cikin waɗanda suka baro Gana a ƙarshen 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice. Shekara goma sha ya yi a can, da akwati ɗaya ya dawo. Shi ya sa Kawu ba ya fita ko nan da can sai da kart dantite da katin allurar shawara a aljihu.

Gangarawa bakin ruwa

Ranar Lahadi Makola kusan a rufe take, don mafi yawan masu ita suna coci, garin sai ya yi sarari. Ranar muka ware don wuraren tarihi, kuma daga kasuwar da ƙafa ake gangarawa.

Mun fara da makwancin Kwame Nkrumah. A wannan fili ne, inda Turawa suke wasan ƙwallon dawaki a da, ya tsaya ya shelanta ƴancin Gana a daren shiga 6 ga Maris 1957, shekara uku kafin namu. Sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 1966 yana kan tafiya ƙasar waje, ya zauna Gini, ya rasu a 1972, sai a 1992 aka maido ƙasusuwansa nan. Matarsa Fathia, ƴar Masar, tana kwance kusa da shi. Akwai ruwa mai tsartuwa da gumakan masu busa ƙaho, akwai ɗakin da aka tara hotunansa da littattafansa. Amma abin da na fi daɗewa a gabansa shi ne wani mutum-mutuminsa marar kai, wanda aka farfasa lokacin juyin mulki. Ba su gyara shi ba, sun tsaida shi haka, kan kuma an ajiye shi a gefe. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ku sani.

Gabas kaɗan akwai Dandalin Baƙin Tauraro, fili ne fetal inda aka daɗe ana yin faretin ranar ƴanci, da wata babbar ƙofa mai tauraro a ka da rubutun da ke nufin ƴanci da adalci. Ban da girma ba wani abin gani sosai, minti goma sun isa. Filin ƙwallo yana daf da shi, inda fiye da mutum 120 suka mutu a turmutsitsi ranar 9 ga Mayun 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko.

Wurin da ya fi shiga raina yana yamma, wato Jemstawun, tsohon garin Ga. Nan ba a share don baƙi ba. Gidaje tsofaffi ne na katako da kwano, yara na wasa a lungu, mata na gasa kifi a manyan murahu, ana cin kenke, wani tuwon masara mai tsami da ake dafawa cikin ɓawon masara. Akwai doguwar hasumiya mai ja da fari da ke haska wa jiragen ruwa hanya, tsawonta mita 28. Gefenta ga ganuwar da Ingilishi suka gina a 1673, gaba kaɗan ga ta mutanen Holan ta 1649. Ta irin waɗannan gidaje aka riƙa fitar da bayi zuwa ƙetaren teku, daga baya aka maida su gidan kaso, har Nkrumah kansa ya yi zama a ta Ingilishin kafin a sake shi a 1951. Akwai wata kasuwa a unguwar da ake kira Salaga. Duk wanda ya ji tarihin fataken goro ya san wannan suna, kuma ya san ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ta arewa ba. Na yi shiru da na tuna cewa hanyar da ta kawo Hausa nan ita ce ta kawo wasu a ɗaure. A nan kusa kuma Bukom take, unguwar ƴan damben zamani, wadda ta fitar da zakarun duniya irin su Azumah Nelson. Yadda yaranmu ke tashi da kokowa, haka nasu ke tashi da naushi.

Daga gindin hasumiyar muka sauka bakin ruwa. Ƴan uwa, duk bayanin da aka yi mana a aji bai shirya ni ba. Na san gulbi, na san tabki, kowannensu yana da ƙetare. Wannan ba shi da shi, ruwa ne har ya haɗe da sama, kuma ba ya tsayawa, yana zuwa yana komawa kamar mai numfashi. Jiragen masunta dogaye ne, an fafe gindinsu daga itace ɗaya, an yi musu fenti da tutoci. An gaya mini ranar Talata ba sa fita su, al'adarsu ce tun kakanni. Bakin ruwan kuwa ba shi da tsabta, leda ce da tsummoki sun nannaɗe kamar igiya cikin rairayi, na gane ragowar Kantamanto ce ta biyo magudana ta iso nan. Muka matsa gaba inda ya fi haske. Na tuna mun karanta a babin tsarki cewa ruwan teku yana tsarkakewa, na ce yau sai na gwada. Da na kai ga kurkurar baki sai da na yi tari, abokina yana ta dariya har da riƙe ciki. Wata igiyar ruwa kuma ta zo ta tafi da takalmina ƙafa ɗaya, ta maido shi can gaba, na bi shi da gudu.

Kafin mu tashi na cika wata gorar roba da ruwan, na ɗaure bakinta da leda, ta ƙetare iyaka uku a cikin jakata. Ita ce wadda na kawo aji ranar da aka koma, wadda Malam ya ɗiga a tafin hannu ya lasa ya ce lalle gishiri ne. Saura kaɗan a ciki, tana nan a kan taga ta ofishin makaranta, ga duk wanda bai samu ɗanɗanawa ba.